Fadar Ruwa ta Udaipur: Abin da Baƙo Zai Shiga da Abin da Zai Hanga Daga Nesa

Duk wanda ya saba duba hotunan ƙasar Indiya a intanet, ko ya taso yana kallon finafinan ƙasar kamar da yawa daga cikinmu, da wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton wani farin gini da ke zaune a tsakiyar ruwa ba, babu gaɓa kusa da shi kuma babu gadar da ta kai gare shi. Wannan gini yana birnin Udaipur ne, a kudancin jihar Rajasthan, kimanin kilomita 660 kudu maso yamma da Delhi. Mutane da dama kan isa birnin da zaton cewa fadar ruwan da gidan tarihin da suka ji labari wuri ɗaya ne, za su yanki tikiti su hau kwale-kwale su je su zagaya, sai sun isa bakin ruwa su tarar abin ya sha bamban. Gine-gine uku ne a wurin, kowanne da zamaninsa da aikinsa da ƙa'idar shigarsa. Akwai babbar fadar da ke kan tudu a gaɓar gabas, wadda a cikinta gidan tarihin yake. Akwai Jag Mandir, fadar da ke kan tsibiri a kudancin tafkin, wadda kowa zai iya sauka a cikinta. Sannan akwai Jag Niwas, wato farin ginin da ke cikin hotuna, wanda yau otal ne, kuma ba ya karɓar kowa sai wanda ya kama ɗaki. Dalilin da ya sa gidan sarauta ɗaya ya rabu haka shi ne ainihin labarin wurin, kuma wanda ya fahimce shi kafin ya tafi zai ga abin da sauran baƙi ke wucewa ba su lura ba.

Ya kamata a fara da ruwan, domin ya girmi birnin. Tafkin Pichola aikin hannun mutum ne. An tare ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Aravalli tun a ƙarni na 14, kuma labarin da mutanen yankin suka gada shi ne cewa wani fatake daga ƙabilar Banjara, masu safarar hatsi a bayan shanu, shi ya fara yin madatsar. Sunan tafkin ya samo asali ne daga wani ƙauye mai suna Picholi. A wancan lokaci hedikwatar masarautar Mewar, mai mulkin wannan yanki, tana Chittorgarh, wani katafaren birni mai ganuwa a kan dutse, kimanin kilomita 110 daga nan. Chittorgarh na da ƙarfi, amma a fili yake, rundunar da ta fi yawa za ta iya yi masa zobe ta jira yunwa da ƙishirwa su yi mata aiki. Maharana Udai Singh na Biyu (Maharana shi ne laƙabin sarakunan Mewar) ya gane wannan rauni, shi ya sa a 1559 ya aza harsashin sabon gari a cikin kwarin da duwatsu suka kewaye, a gefen wannan tafki, ya kuma ƙara wa madatsar ƙarfi har ruwan ya faɗaɗa. Bayan shekara tara, a 1568, Sarki Akbar na daular Mughal ya ci Chittorgarh da yaƙi, sai sabon garin ya zama mafaka kuma hedikwata. Saboda haka kyan da ake yabawa a yau daga baya ya zo. Abin da ya kawo sarakunan nan tun farko tsaro ne da ruwan sha, tafkin ya tsare musu yamma, duwatsu da ganuwa suka tsare sauran sassan.

Babbar fadar ba mutum ɗaya ya gina ta ba. Sarakuna sun yi ta ƙara mata sassa na kusan shekara 400, kowa ya hau gado ya ɗora nasa a kan na magabatansa ko a gefensa, har fuskarta ta kai tsawon mita 244, tsayinta kuma ya haura mita 30. Daga cikin kwale-kwale tana kama da gini guda, amma wanda ya shiga zai ga tarin gidaje ne da aka ɗinke su da lunguna da matakalai. Yawancin manyan gine-ginen sun biyo bayan shekarar 1615, lokacin da Maharana Amar Singh na Ɗaya ya yi sulhu da Sarki Jahangir na Mughal, ɗan Akbar, bayan gomman shekaru na yaƙi. Sharuɗɗan sulhun sun bar wa Mewar mutuncinta fiye da yadda aka bar wa sauran masarautun Rajput, wato dangin sarakuna da mayaƙan wannan yanki, domin ba a wajabta wa Maharana zuwa gaisuwa fadar Mughal da kansa ba, ɗansa mai jiran gado ne zai wakilce shi, ko da yake an hana sake gina ganuwar Chittorgarh. Da aka ajiye makamai, dukiyar da yaƙi ke ci ta koma ga magina da masu zane, kuma a nan ne salon ginin Mughal ya fara shiga cikin na Rajput, kamar yadda ake gani a ƙubbobi da lambuna da aikin dutsen marmara.

Mai ziyara kan shigo daga cikin tsohon gari, ya wuce wurin ibadar Jagdish da aka kammala a 1651, ya shiga ta babbar ƙofar da ake kira Badi Pol, sannan ya nufi Tripolia, ƙofa mai baki uku. Tsakanin ƙofofin biyu akwai jerin bakunan dutse guda takwas, waɗanda ke tuna lokutan da aka ɗora sarki a ma'auni aka auna nauyinsa da zinariya ko azurfa aka rabar sadaka. Bayan Tripolia sai Manek Chowk, babban filin ƙofar fada inda ake taruwar jama'a da jerin gwanon dawakai da giwaye, kuma har yanzu ana ganin wuraren da ake ɗaure giwayen. Bahaushen da ya san ƙofar fada a ranar hawan salla ba zai buƙaci dogon bayani ba kafin ya gane aikin wannan fili. Haka kuma tsarin cikin gidan ba zai zame masa baƙo ba, domin an raba shi biyu: Mardana Mahal, ɓangaren maza inda sarki ke zaman fada da karɓar baƙi, da Zenana Mahal, cikin gida, inda mata da 'ya'ya suke, wanda baƙon namiji ba ya ƙetarawa. Waɗannan ɓangarori biyu su ne gidan tarihin a yau.

Hanyar zagayawa ɗaya ce, ana shiga ta wani gefe a fita ta wani, kuma tana bi ta lunguna masu ƙunci da ƙofofi gajeru da matakalai masu tsayi waɗanda ba su ɗaukar mutum biyu a jere. 'Yan jagora kan bayyana cewa da gangan aka yi haka, don maharin da ya shigo ya sunkuya, kuma ya zo shi kaɗai. Tsoho ko mai ciwon gwiwa ya kamata ya san da wannan tun kafin ya yanki tikiti, domin idan aka shiga layin a ranar cunkoso, komawa baya na da wuya. Wuri na farko mai muhimmanci shi ne Rai Angan, tsakar gida mafi tsufa a fadar, inda ake cewa Udai Singh ya tarar da wani mai zuhudu yana zaune a gaban wutarsa, shi ne ya ba shi shawarar ya yi gini a nan. Iyalan gidan na girmama wannan wuri har gobe, kuma akwai ɗakunan ibadar Hindu a cikin fadar da ake bukatar baƙo ya natsu a kusa da su, ya cire takalmi inda aka nemi haka.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tsarin ginin shi ne Badi Mahal, wanda aka yi a zamanin Amar Singh na Biyu da ya hau mulki a 1698. Mutum zai yi ta hawan bene har ya kai kusan ƙololuwar fadar, sai ya tsinci kansa a cikin lambu mai manyan itatuwa da kududdufin marmara a tsakiya. Sirrin shi ne fadar ta naɗe wani tsauni ne na asali mai tsayin kusan mita 27, an yi gini a kewayensa, aka bar kansa ya zama lambu. Wato itatuwan a cikin ƙasa suke tsaye, hawan da baƙo ya yi a gefen dutse ya yi shi bai sani ba. Wannan ya nuna yadda maginan suka bi yanayin wurin maimakon su fasa shi, kuma iskar da ke ratsa wannan lambu a tsakiyar bazara ta isa ta bayyana dalilin da ya sa sarakuna suka fi son zama a nan.

Daga nan ɗakunan ado ke biyo juna. Akwai waɗanda aka lulluɓe bangonsu da rufinsu da ƙananan madubai da gilashi mai launi, yadda fitila ɗaya za ta haskaka ɗaki duka. Akwai Chini Chitrashala, da aka manna wa fale-falen tangaran masu shuɗi da fari daga ƙasar Sin da Holan, shaidar cewa fatauci ya haɗa wannan kwari da duniya mai nisa. Akwai kuma Mor Chowk, farfajiyar ɗawisu, inda aka ƙera siffofin tsuntsun da gutsattsarin gilashi kusan 5,000 a ƙarni na 19, kuma a nan ne cunkoson masu ɗaukar hoto ya fi yawa. Hoton rana mai fuskar mutum yana ko'ina, saboda gidan sarautar na danganta asalinsa da rana bisa aƙidarsu. Amma a ganina dukiyar gidan tarihin ta gaskiya zane-zanen fada ne, waɗanda masu zanen Mewar suka yi a kan takarda da ƙyalle, suna nuna bukukuwa da farauta da zaman fada da mutane ɗaruruwa a cikin hoto guda, kowa da tufafinsa da matsayinsa. Wanda ya tsaya ya ƙura musu ido zai gane farfajiyar da ya baro yanzu, ya ga yadda take a cike da mutane shekara 250 da suka wuce. Yawancin baƙi kan wuce su da sauri don su isa ɗakin madubai, kuma wannan asara ce.

Gidan tarihi kowane iri yana da labarin da yake son a tafi da shi, kuma na nan a bayyane yake: Mewar ba ta sunkuya ba. Gwarzon labarin shi ne Maharana Pratap, ɗan Udai Singh, wanda ya gwabza da rundunar Akbar a Haldighati a 1576. An keɓe masa sashe guda mai makamai da sulke da zane-zanen yaƙin, har da siffar dokinsa Chetak sanye da hancin giwa na ƙarya, dabarar da ake cewa ana yi don giwayen abokan gaba su ɗauka ɗan giwa ne su ƙi kai masa hari. Yana da kyau mai karatu ya riƙe abubuwa biyu a nan. Na farko, Pratap bai yi zaman jin daɗi a wannan fada ba, yawancin mulkinsa a cikin duwatsu ya yi shi, daga baya ya kafa hedikwata a Chavand inda ya rasu a 1597. Na biyu, wasu a yau kan ba da labarin Haldighati kamar yaƙin addini ne tsakanin Hindu da Musulmi, alhali wanda ya jagoranci rundunar Akbar shi ne Man Singh na masarautar Amber, Rajput ne kuma Hindu, sannan cikin manyan jarumawan da suka tsaya wa Pratap har suka mutu a filin akwai Hakim Khan Sur, Musulmi ɗan asalin Afganistan. Rikicin na mulki ne da mubaya'a, kuma wanda ya san haka ba zai bari a ja shi zuwa wata fassarar ba.

Akwai ɗaki ɗaya da labarin jarumtar ba ya iya rufewa, shi ne Krishna Vilas, wanda ake dangantawa da Gimbiya Krishna Kumari, 'yar Maharana Bhim Singh. Sarakunan Jaipur da Jodhpur sun nemi aurenta a lokaci guda, neman ya zama yaƙi, Mewar kuma a lokacin ta yi raunin da ba za ta iya ɓata wa ko ɗaya daga cikinsu ba. Mafitar da manya suka zaɓa ita ce a kawar da yarinyar, aka ba ta guba ta sha a 1810 tana da shekara 16. Bayan shekara takwas, a 1818, masarautar ta sa hannu a yarjejeniyar shiga ƙarƙashin kariyar Turawan Ingila. Ɗakin cike yake da zane masu kyau daga ƙasa har sama, amma ni ina ganin bai kamata a wuce shi ana yaba fenti kawai ba.

Jag Mandir, tsibirin da ake iya sauka, ana isa gare shi ne da jirgin ruwan da ke tashi daga mashigar da ke cikin harabar fada, kuma jerin giwayen dutse ne ke tarbar baƙo a bakin ruwa. Maharana Karan Singh ya yi babban aiki a kansa, ɗansa Jagat Singh na Ɗaya ya kammala, shi ya sa ake kiransa da sunansa. A 1623 Yarima Khurram ya yi wa mahaifinsa Jahangir tawaye, ya nemi mafaka a Mewar, aka saukar da shi a wannan tsibiri, a ginin da ake kira Gul Mahal mai ƙubba. Wannan yarima shi ne wanda ya jagoranci yaƙin da ya tilasta wa Mewar sulhun 1615, amma da ya zo a matsayin mai neman tsari, aka karɓe shi da karamci. A 1628 ya hau gadon Mughal da sunan Shah Jahan, shi ne kuma ya gina Taj Mahal. 'Yan jagora na son cewa a Gul Mahal ya samo tunanin wancan gini, magana ce mai daɗin ji, amma gine-ginen Mughal da suka gabata, irin su kabarin Humayun a Delhi, sun fi kusa da zama tushensa. Tsibirin ya sake zama mafaka a 1857, lokacin boren da aka yi wa Turawa, inda Maharana Swarup Singh ya ɓoye mata da yaran Turawa da suka tsero daga Neemuch.

Sai Jag Niwas, farin ginin cikin hotuna. Maharana Jagat Singh na Biyu ya gina shi tsakanin 1743 da 1746 a matsayin wurin hutun bazara, kuma ginin ya mamaye tsibirin gaba ɗaya, mai faɗin kusan eka 4, har bangonsa ya sauka cikin ruwa, shi ya sa yake kama da abin da ke yawo a kan tafki. Yadda ya koma otal yana da nasaba da abin da ya sami sarakunan Indiya bayan samun 'yancin kai a 1947. Maharana Bhupal Singh ya shigar da Mewar cikin tarayyar Rajasthan a 1948, mulki ya koma hannun gwamnati, aka bar wa sarakuna laƙabi da wani kuɗin shekara-shekara daga baitulmali. Magajinsa Bhagwat Singh ya ga cewa wannan kuɗi ba zai riƙe gine-gine masu girman gari ba, kuma babu tabbacin zai ɗore. A farkon shekarun 1960 ya mayar da Jag Niwas otal, a 1969 ya kafa gidauniyar Maharana of Mewar Charitable Foundation ya damƙa mata manyan sassan babbar fada a matsayin gidan tarihi, a 1971 kuma kamfanin otal-otal na Taj ya karɓi gudanar da fadar ruwan. A wannan shekarar ce gwamnatin Indira Gandhi ta yi wa kundin tsarin mulki gyara na 26, wanda ya soke kuɗin sarakuna da laƙabinsu a hukumance. Masarautu da yawa da ba su shirya ba sun bar gidajensu sun zube ko sun sayar da kayan gado, Udaipur kuwa ta riga ta sama wa ginin hanyar ciyar da kansa.

Wannan shi ya sa tikitin bai zama ɗaya ba. Shiga gidan tarihi da kuɗinsa, jirgin ruwa zuwa Jag Mandir da nasa, kuma na yamma ya fi tsada saboda masu son ganin faɗuwar rana. Sassan fadar guda biyu, Shiv Niwas da Fateh Prakash, otal-otal ne, wani sashen kuma iyalan gidan na zaune a ciki har yanzu. A Fateh Prakash ne ake ajiye da tarin kayan ƙarau da Maharana Sajjan Singh ya yi oda daga kamfanin F. & C. Osler na Birmingham a 1877, kujeru da tebura har da gado, amma ya rasu a 1884 bai gan su ba, suka zauna a cikin akwatunansu fiye da shekara 100 kafin a buɗe, kuma ganinsu ma da tikitinsa daban. A Kano an raba ayyukan biyu, Gidan Makama ya zama gidan tarihi a hannun hukuma, Gidan Rumfa ya ci gaba da zama gidan sarki. A Udaipur gida ɗaya ne ke ɗauke da duka, kuma a hannun iyali. Amfanin haka a fili yake ga duk wanda ya ga tsabtar wurin da yadda ake gyaran zane da bango. Illarsa ita ce mafi shaharar ginin birnin ya fita daga hannun talaka, ɗan Udaipur da aka haifa a bakin tafkin zai iya tsufa bai taɓa taka Jag Niwas ba. Haka kuma rikicin gado na iya rufe ƙofa, domin tun rasuwar Bhagwat Singh a 1984 zuriyarsa ta shiga jayayya a kan dukiyar, kuma a watan Nuwamba na 2024 saɓanin ya kai ga tarzoma a ƙofar fada har 'yan sanda suka shiga tsakani.

Duk wannan tsari a kan ruwa ya dogara, ruwan kuma a kan damina. Pichola na haɗe da wasu tafkunan, Rang Sagar da Swaroop Sagar da Fateh Sagar, ta yadda idan ɗaya ya cika sai ya zuba a na gaba, rarar kuma ta bi kogin Ahar zuwa Udai Sagar. Tsari ne da sarakuna daban-daban suka yi ta ƙarawa na ɗaruruwan shekaru, kuma saboda shi ne aka sanya Udaipur cikin biranen dausayi na yarjejeniyar Ramsar, ta ƙasashen duniya kan kare tafkuna da fadamu, a farkon 2025. Daga waɗannan tafkuna birnin ke samun wani kaso na ruwan shansa, amma su ne kuma ke karɓar dattin magudanai da na otal-otal da suka yi musu zobe, ga ciyawar ruwa da ake ta faman kwashewa. Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga Oktoba zuwa Maris, bayan damina ta cika tafkin kuma zafi ya sauka, domin daga Afrilu zuwa Yuni zafin kan haura digiri 40, ruwan kuma ya ja baya. Wanda zai haɗa ziyarar da wata tafiya ta karatu ko asibiti ko kasuwanci a Indiya zai iya sauka a filin jirgin Maharana Pratap, kimanin kilomita 22 daga gari, ya ware wa gidan tarihin aƙalla awa uku da safe, ya bar jirgin ruwa zuwa la'asar. Yana da kyau kuma ya tambayi yadda daminar shekarar ta kasance kafin ya sayi tikitin jirgi, domin a farkon shekarun 2000, da aka jera shekaru ana fari, Pichola ya ƙafe har ƙasa ta tsattsage, shanu suka yi kiwo a cikinsa, baƙin otal kuma aka riƙa kai su ƙofar Jag Niwas a mota.